Jirgin Yaƙin da Na Ƙera wa Baba Mai Kwal

Kai, mai jar riga, daina ƙwanƙwasa jirgin nan da farce. Sauke hannunka. Tun da kuka shigo rumfar nan idonku yana kansa, ba wanda ya kalli buta ko mazurari, alhali su kuka ce kun zo koyo. Kuma na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa, wai aikin gwangwani ai yanka ne da liƙi, kafin wata ya mutu an gama iyawa. To madalla da gwani. Ku samu wuri ku zauna, ku kashe waƙar da take tashi a wayar nan, in gaya muku abin da ake nufi da liƙi.

Ni a hannun Malam Bukar na koyi sana'ar nan, a nan bayan Ƙofar Nassarawa. Babarbare ne, Allah Ya jiƙansa, kakanninsa suka zo Kano da ita. Ba shi da yawan magana, amma hannunsa yana da saurin isa ƙeya. Na daɗe a gabansa ban taɓa dalma ba. Aikina in farke garwar kananzir, in shimfiɗa ta, in yi ta bugu da gudumar itace har ta miƙe sumul. Daga nan aka ba ni almakashi. Daga nan lanƙwasa baki. Sai da ya ga na daina yanke yatsuna sannan ya miƙo mini ƙarfen liƙi, wancan mai ƙotar itace da kuke gani a cikin garwashi, da ɗan sinadari a murfin kwalba.

Butar farko da na liƙe, na kai masa ina washe baki. Bai zuba mata ruwa ba. Ya toshe hancinta da babban yatsa, ya kafa baki ya hura, ya danne bakin da tafin hannu, ya nutsa ta cikin daro, ya zuba ido. Can sai ga ɗan kumfa guda, bai kai ƙwayar gero ba, ya taso daga gindinta. Wallahi sai kawai ya wurga ta kan rufin rumfa. Da yamma ya ce da ni, mutum zai cika butar nan ya tafi gona ko ya hau hanya, lokacin salla ya yi ya ɗaga ya ji wayam, alhakin wa? Ya ce abin da ka rufe, ka rufe shi ɗam, yadda ko iska ba za ta sami hanya ba. A kan wannan na tashi, kuma har yau ban sayar da abin da ban nutsa a daro ba.

Shekarar da butar roba ta cika kasuwa, ita ce shekarar da na ga tashin hankali. Malam Bukar ya riga ya rasu, rumfa ta dawo hannuna. Sai ga roba, ja da kore da mai ratsi-ratsi, ba ta tsatsa, ba ta lotsewa, ga araha. Matan da suke aiko da bokiti a yi masa gindi suka daina. Maƙwabcina na dama ya koma facin taya, na hagu ya tattara ya tafi Ikko. Ni kuwa sai in wuni ina hura wuta don kawai kada a wuce a ce ta mutu. A cikin wannan halin ne, farkon bazara, Baba Mai Kwal ya yi mini sallama.

Duk unguwar Soron Ɗinki an san shi. Sunansa Malam Sule, amma ba mai kiransa haka. Dogon tsoho ne da ya ranƙwafa, bayan hannuwansa duk ɗigo-ɗigon baƙi a ƙarƙashin fata, wanda sabulu ba ya fitarwa. An san shi da abu guda: ba ya zama a ɗakin da aka rufe ƙofa. Ƙyauren ɗakinsa ma ya cire shi tuntuni, asabari kawai ya rataya, ko da sanyi ko da damina. A masallaci kuwa kullum yana bakin ƙofa. Wasu suna cewa taɓin hankali ne.

Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, ya ce, "Maƙeri, kana iya ƙera jirgin ruwa? Na yaƙi."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, ni ko teku ban taɓa gani ba. Iyakata kududdufi."

Ya ce, "Ni na gani. Kai ka kawo hannu, ni in kawo ido. Amma ba na ajiya a kan kanta nake so ba. Wanda zai hau ruwa ya tsaya nake so, da ɗakunansa na ciki yadda suke."

Na ce, "Na jikoki ne?"

Ya ce, "Na bar ƙanena a ciki."

Na ajiye abin da ke hannuna. Shi kuwa ya ci gaba da magana kamar mai ba da labarin wani. Suna samari, shi da ƙanensa Habu suka bi fataken goro har bakin teku. Ana cikin yaƙin Turawa na farko, ana neman majiya ƙarfi masu ɗibar kwal, aka ɗauke su a wani babban jirgin yaƙi. A tsakiyar teku jirgin ya taka nakiya, ruwa ya shigo, aka rufe ƙofofin ciki. Shi yana wannan gefen, Habu yana wancan. Jirgin bai nutse ba, ya kai gaɓa. Shi ya dawo Kano, Habu bai dawo ba.

Ya ce, "Da na faɗa a gida, sai mahaifiyarmu ta ce, ƙofa ce fa Sule, me ya hana ka buɗe? Da tambayar nan ta koma ga Allah. Habu ya bar matarsa da ciki, aka haifi Rabi, ta tashi ta gaji tambayar. Yau ga ta da jikoki, ta je Makka ta dawo, ba ta taɓa ce mini Baba ba. In na aika mata naman layya, yadda ya tafi haka yake dawowa. Na yi bayani har bakina ya gaji, amma yaya za ka gaya wa wanda bai taɓa ganin teku ba? So nake ta gani da idonta. A ɗora shi a ruwa, a buɗe ƙofar a gabanta, ta ga abin da zai faru. Kuma ka hanzarta, maƙeri, don ni na kusa."

Ban san lokacin da na ce to ba.

Aikin nan a ƙasa muka fara shi. Kullum da hantsi zai zo, ya share gaban rumfa da tafin hannu, ya zana da sandarsa. Ni da nake zaton jirgi kwale-kwale ne babba, sai na ji abin da ya ɗaure mini kai. Ya ce jirgin yaƙi yana da ɗamara, wato sulken ƙarfe mai kauri da aka zagaya masa a kugu daidai inda ruwa yake taɓawa, gaba da baya kuwa an bar su da sauƙi don kada nauyi ya kai shi ƙasa. Manyan igwoyi suna cikin wasu ɗakuna masu juyawa, na gaba da na baya. In suka tashi gaba ɗaya, su da suke can ƙasa ba ƙara suke ji ba, a haƙori suke jin abin, kwal ya yi ta zubowa daga rumbu shi kaɗai. Wutar da ke tafiyar da jirgin tana can ƙarƙashin ruwa, inda harsashi ba ya kaiwa. Nan suke, su masu shebur.

Na ninka gwangwani a kugu na yi ɗamarar. Igwoyin na yanko su daga famfon keke. Bututun hayaƙi gwangwanin madara ne. Jirgin farko da na haɗa, ina sa shi a ruwa ya kife, don kansa ya fi gindinsa nauyi. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ai su ma Turawan sun sha wannan. Na narka dalma na kwantar a gindi, na yi ta ragewa ina ƙarawa har ya zauna daram. Idon Baba ya yi rauni, saboda haka da yatsa yake duba aiki. Sai ya shafa ya ce, "A'a, tsanin nan a hagu yake. Na hau shi a cikin duhu, ƙafata ba ta mantuwa." In farke in sake.

Cikin jirgin ne ya ci mini rai. Ɗaki ne a kan ɗaki, lungu a kan lungu, kamar babban gidan gado, sai dai ba taga ko ɗaya, kuma kowace ƙofa daga sama ake sakinta, na ciki ba shi da iko da ita. Wata rana na gaji da yanka bangaye na ce, "Baba, wannan yawan ɗakuna na mene ne? Ai ɓarnar ƙarfe ce."

Ya ce, "Wanda ya zana jirgin ya san dole wata rana a huda shi. Shi ya sa ya yayyanka shi, don in ruwa ya ci ɗaki ɗaya a rufe, a bar masa, sauran su tsira." Sannan ya ce, "Tun yana zanen a kan teburinsa ya san za a rufe ƙofa a kan wani. Sunansa ne kawai bai sani ba."



Ɗakuna uku ne suka fi damunsa, a jere suke. Na farko ɗakin wuta, inda shi yake zuba kwal. Na biyu wani siririn soro da ake bi da baro. Na uku rumbun kwal, inda Habu yake lodi. Nakiyar soron nan ta fasa, ruwa ya cika shi, ƙofa ta sauka ta nan, ta sauka ta can. Habu ya rage a rumbu, da ransa, ruwa tsakaninsa da kowa. Haka na yi su. Ɗakin wuta na yi masa murfi mai ɗaguwa don a leƙa. Soron na huda shi ta ƙasa don ya sha ruwa. Ƙofar da ke tsakaninsa da ɗakin wuta na liƙe ta da dalma siririya, yadda bugu ɗaya da kurfi, wato ƙarfen huda, zai ɓalle ta. Rumbun kuwa na rufe shi ta ko'ina irin rufin Malam Bukar. Ku ji da kyau: kafin in ɗora murfinsa na leƙa, na hure, na zura yatsa. Ba komai a ciki, ko tsakuwa.

Kafin a kai nan Baba ya daina iya zuwa. Ni nake ɗaukar aikin in kai masa zaure ya shafa. Kullum tambayarsa ɗaya, saura me.

Ranar da na shafa masa fenti ruwan toka, na fitar da shi gaban rumfa ya sha rana. Unguwa ta yi tsit, kowa ya gudu inuwa. Ina zaune ina goge ƙarfen liƙi sai na ji ƙwas. Ban ko ɗaga kai ba. Duk mai aikin nan ya san gwangwanin da aka rufe ɗam, in rana ta dake shi iskar ciki takan kumbura ta tura bango ya yi ƙara. Alamar liƙi ya yi kyau ce ma. Amma sau ɗaya yake yi. Wannan kuwa sai na ji ƙwas ƙwas, biyu a jere, ya yi shiru, sannan ƙwas. Na tashi na ɗauke shi na girgiza. Ba abin da ya motsa. Na kara kunne a rumbun, sai zafin ƙarfe. Washegari na sake fitar da shi don in ƙaryata kunnena, rana tana take tsaka ya sake yi, biyu, shiru, ɗaya. Na yi a'uziyya na mayar da shi inuwa na rufa masa buhu.

Ban gaya wa Baba ba, don na ga tsohon da ƙyar yake riƙe da numfashinsa. Dabarar da na yi, na ce mu je gidan Hajiya Rabi da sassafe, mu gama kafin rana ta yi ƙarfi.

Na yanka duro gida biyu a tsaye, na ɗora rabin a amalanke tare da jirgin, Baba yana dafe da kafaɗata, muka kama lungu a hankali har gidan. Muka yi sallama a zaure. Daga ciki aka ce Hajiya tana aiki, a jira. Muka jira. Hantsi ya yi, ya wuce. Baba yana zaune a bakin ƙofar zaure, ni kuwa ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Na ce, "Baba, ko mu dawo gobe?" Ya ce, "Wa ya ba ni goben?" Sai da rana ta kusa tsaka aka ce mu shigo.

Tsakar gidan fayau take, ba bishiya. 'Yar inuwar da ta rage a gindin bango, nan Hajiya Rabi take zaune a kan tabarma da carbi a hannu, dattijuwa mai jiki, fuskar nan ba wasa. Ta amsa gaisuwata da kyau, har ta tambayi iyali. Sannan ta dubi tsohon ta ce, "Malam Sule, wannan kuma wane sabon salo ne? Da tsufanka ka kawo mini abin wasan yara?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri ki duba, Rabi. Daga yau ba zan ƙara damunki ba."

Na ja ruwa a rijiyarsu na cika rabin duron a cikin rana, don ba wani wuri mai inuwa. Na ɗora jirgin. Soron ya sha ruwa, jirgin ya ɗan karkata, ya tsaya. Baba ya durƙusa a gefensa, na ɗaga masa murfin ɗakin wuta, na riƙe kurfi da 'yar guduma ina jiran ya ce in buga.

Ya nuna da yatsa. "Nan nake. Nan mahaifinki yake. A can ƙasa ba rana ba wata, ba ka sanin dare ko safiya. Amma a rumbu akwai wani bututun iska, ta nan Habu yake jin ƙararrawar jirgi. To da ita yake gane lokaci. In salla ta yi sai ya bugi bango da shebur, biyu a jere, sannan ɗaya. Ƙarfe yana kai sauti nesa. In na ji sai in amsa masa, kowa ya yi taimama a inda yake, ya yi sallarsa yadda ta samu."

Da na ji ya ce biyu sannan ɗaya, sai na tuna bugun da na ji a gaban rumfa.

Ya ce, "Ranar nan ya tura baro ya koma rumbu ke nan sai muka ji jirgin ya ɗaga ya dawo. Fitilu suka mutu suka kamu. Ƙofa ta sauko. Aka ce kowa ya koma kan shebur, don in wuta ta mutu injin zuƙe ruwa zai tsaya, mu tafi ƙasa gaba ɗaya, mu da ɗaruruwan da ke sama. Ina cikin zuba kwal sai na ji bugu. Na yar da shebur na yi kan ƙofar, aka rirriƙe ni. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Rabi, daga baya ba wanda ya riƙe ni. Na je ni kaɗai na dafa ta, na ji ta da sanyi, na ga ruwa yana tsattsafowa ta gefenta. Na koma na ɗauki shebur. Kwana da kwanaki yana bugawa in buɗe masa, ni ina zuba kwal. Tun yana bugawa da ƙarfi, har ya koma sai na kasa kunne. Har na daina ji. Da muka kai gaɓa aka sallame mu kafin a buɗe wurin. Ko gawarsa ban gani ba."

Carbin hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ba ƙaƙƙautawa yake bugawa?"

Ya ce, "A'a. Ya buga, ya yi shiru mai tsawo, can ya sake."

Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai jirgin ya yi ƙwas ƙwas. Ruwan duron ya yi 'yar rawa. Shiru. Ƙwas.

Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wadda tsohon nan ya yi ba. Ya damƙi rigata da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana cewa, "Buɗe masa! Maƙeri, don Allah buɗe masa! Habu, ga ni nan!" Ya manta da bayanin da ya zo yi, ya manta gwangwani ne. Ni ma a lokacin ban ce muku na tuna ba. Na so in ce rana ce, iska ce, bakina ya ƙi. Na kafa kurfi a kan 'yar ƙofar, na ɗaga guduma.

Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Hajiya ce. Ban ga tasowarta ba, ga ta tsaye a rana ba takalmi.

Ta ce, "Tsaya, Malam."

Muka yi cirko-cirko, ba mai motsi. Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can sai ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya.

Ta saki hannuna, ta durƙusa a gaban tsohon. Ta ce, "Baba." Ya ɗago kamar bai gane da shi ake ba. Ta ce, "Baba, ba buɗewa yake nema ba. Shi ma fa a jirgin yake aiki, ya san abin da ke bayan ƙofar nan. Azahar ta yi, shi ne yake gaya maka. Aikin da ya saba ne bai fasa ba." Hawaye yana zubo mata, ba ta share ba. Ta ce, "Ka amsa masa kuwa?"

Ya girgiza kai. Da ƙyar ya ce, "Ban iya ba. Na ji tsoron in na amsa zai sa rai ina zuwa."

Ta ce, "To amsa masa yanzu."

Ya miƙa hannun nan mai ɗigon kwal, ya kai kan bangon ɗakin wuta. Ya buga da farce, biyu, ya dakata, ɗaya. Muka jira. Rana tana nan yadda take, ƙarfen ko taɓuwa ba ya yi don zafi. Jirgin bai ƙara cewa komai ba.

Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da buta, tsohuwa ta gwangwani, ina ganin bakinta na gane liƙin Malam Bukar. Ta cika ta, ta tsuguna tana zuba wa tsohon ruwa yana alwala. Ni na tattara kurfina da gudumata na fita zaure, don na ga ba wurin zamana ba ne, kuma ni ma kukan nake yi.

Baba Mai Kwal bai ga damina ba. A gidanta ya yi jinyarsa, kuma an ce a ɗakin da ta sa shi, wata rana da iska ta taso, shi da bakinsa ya ce a turo ƙofar. Bayan an yi sadakar bakwai ta aiko a kira ni, ta ce in ɗauki jirgin in ajiye a wurina, don jikoki za su lalata shi. Sharaɗinta ɗaya, kada a taɓa buɗe rumbun. Ga shi nan kuwa, liƙin yana nan yadda na yi shi, ku duba da ido.

Abin da ban gane ba har yau shi ne wannan. Na sha fitar da shi rana bayan nan, bazara bayan bazara, in zauna in kasa kunne. Gwangwanin shi ne, dalmar ita ce, ranar Kano kuwa kun san ba ta rage komai ba. Na nutsa shi a daro don in ga ko liƙin ya saki, ko kumfa ɗaya bai taso ba. A ƙa'idar sana'a dole ya yi ƙara. Bai ƙara yi ba. Ku da kuka yi boko, in kuna da bayani ina saurare.

To ga garwa can a jingine, ga gudumar itace. Wanda yake son aikin ya farke ta ya fara bugu, sai ta miƙe sumul zan duba. Dalma kuwa ku manta da ita tukuna. Kai kuma mai jar riga, ka ji dalilin da ya sa na daka maka tsawa. An riga an amsa wa Habu, ya yi shiru. In ka ƙwanƙwasa aka amsa maka daga ciki, ni ban san abin da zan ce masa ba.